Fatar Kunnen Majok

Ni ba Sudan na nufa ba. Jidda na nufa, kuma da a lokacin wani ya ce mini zan tsufa a bakin kogin Shuɗin Nilu ina haƙa wa mutane kabari, da sai an raba mu, don sana'ar da na gudo wa ke nan. Mahaifina shi ne mai haƙar kabarin garinmu a ƙasar Gumel, kuma a hannunsa na koyi aikin ba da sona ba. Sunana Isuhu, amma a garin ba mai kira na da shi, “ɗan mai rami” kawai ake cewa. In na zauna a dandali sai wani ya ce a matsa kada in auna shi da ido. A yi dariya, ni ma in yi ta dole. Da na kai ashirin da biyu na kama hanyar gabas, ko sallamar kirki ban yi wa tsohon ba.

Wahalar bayan lori a ƙasar Chadi ba zan tsaya a kanta ba. Labarina a garin Sinnar na ƙasar Sudan ya fara. Tun a kan iyaka muka haɗu da wani mutumin ƙasarmu mai rawani da doguwar carbi, ya ce shi aikinsa ke nan ƙetarar da baƙin Allah zuwa ƙasa mai tsarki. Mu huɗu muka kwance abin da ke ƙugunmu muka danƙa masa. Ya kawo mu Sinnar, ya tsayar da mu a bakin wani ruwa mai faɗi, ya ce ga Bahar Maliya nan, mu zauna zai je ya kira mai jirgi. Na hango itatuwa can ƙetare, na ce a raina ashe Jidda ma akwai bagaruwa. Har hannu na ɗaga na yi wa Allah godiya.

Kashegari abokan tafiyata suka gane an damfare mu, kowa ya kama gabansa. Ni kuwa da taurin kai, na ce mai carbi irin wannan ba zai yi ƙarya ba, na ci gaba da zama. Ina nan da hantsi sai na ji murya a kaina.

“Kai wanga yaro, mi kaka jira nan tun jiya?”

Wata dattijuwa ce cikin farin lulluɓi irin na matan Sudan, da buhun busasshiyar kuɓewa a gefenta. Na yi wata biyu ina gudu daga gida, sai ga Sakkwatanci tsantsa a bakin ruwan da nake zaton teku ne.

“Jirgin Jidda nake jira, Inna.”

Ta yi dariya har sai da ta dafa buhun. “Jidda? Ya waladi, ɗana, wagga ba teku ta ba, madatsar ruwa ta. Ɗiba ka ɗanɗana, ka hwaɗa min in akwai gishiri.”

Na ɗiba na kurɓa. Ruwa ne mai daɗi kamar na rijiyar gidanmu. Nan na durƙusa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro, ita kuwa ta daina dariyar ta zauna kusa da ni har na gama. Sunanta Hajja Kulu. Kakanninta sun baro Sakkwato da ƙafa zamanin da Turawa suka ci ƙasar, suka zauna a bakin kogin nan, kuma ƙauyensu yana kudu, kusa da Abu Na'ama. Ta saya mini wake da burodi. Da na tashi yin azahar na fuskanci gabas sak, sai ta kama kafaɗuna ta karkata ni wajen arewa, ta ce na riga na wuto gabas ɗin gida, a nan Makka ta wannan gefen take. Daga nan ta haɗa ni da wani direban lori ɗan ƙauyensu mai kai masu cirar auduga Managil.

“In duniya tai maka zahi,” in ji ta, “tambayi gidan Kulu mai kuɓewa. Ko jaki ya san shi.”

A yammacin Managil aka sauke mu a kambo, wato 'yan bukkokin ciyawa da ake yi wa 'yan ƙwadago a bakin babbar hanyar ruwa, nesa da ƙauyen masu gonaki. Babu irin mutanen da babu a wurin: mutanen Darfur, Nubawan dutse, Habashawa, da mutanen Kudancin Sudan da yaƙi ya koro. Cirar auduga ta fasa mini yatsu. Abincin kuma kisra ce kullum, wata 'yar siririyar waina mai tsami da na yi wata guda ina haɗiya don dole, ina tuna tuwon gero da miyar kuka. Wanda muka yi wa aikin farko ya sallame mu da alkawari da murmushi, bai ƙara waiwayar mu ba.

Bukka ɗaya aka haɗa ni da wani Badinke, mutumin Kudu, mai suna Majok. Da farko tsoronsa nake ji. Dogo ne har sai ya rusuna biyu kafin ya shiga ɗaki, goshinsa duk zane, haƙoransa na ƙasa babu, an cire tun yana yaro bisa al'adarsu. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, don haka nake ce masa Ammi Majok, yadda ake girmama manya a can, shi kuma yana ce mini Fallati, sunan da ake kiran duk mutanenmu da shi. A wuyansa akwai wata 'yar fata mai baƙi da fari, bai fi tafin hannu ba, na ɗauka laya ce, na riƙa kauce mata. Da zazzaɓi ya kayar da ni kwana tara, mutumin nan da nake tsoro shi ya riƙa dama mini kunu yana ɗaga kaina ina sha, yana cire rabon audugata bayan ya gama nasa. Da guntun Larabcina da guntun nasa muka zama 'yan uwa.

A ƙarshen damina wani tsoho ɗan Darfur ya rasu a kambo. Aka je ƙauyen da ke kusa neman wuri, suka ce maƙabartarsu ta 'yan gari ce. Sai aka haƙa masa a bakin hanyar ruwa, cikin baƙar laka. Ina tsaye ina kallo. Na ga ramin bai kai ƙugu ba, na ga babu ƙaramin rami a ciki, na kuma san baƙar laka ba ta riƙe amana, don da rani tana tsagewa har hannu ya shige zuwa kafaɗa. Duk na sani, amma na ja bakina na yi shiru, don kada sunan da na baro a Gumel ya biyo ni. Rani ya yi, ƙasa ta buɗe, karnuka suka rigaye mu zuwa. Ba zan faɗi abin da muka tarar ba. Na daɗe ina jin kunyar kaina a kan wannan tsoho, har yau ma ina yi masa addu'a.

Bayan mun sake rufe shi, muka zauna hutun rana a ƙarƙashin wata rumfa, ni da Majok da abokanmu biyu, Gabre Bahabashe da Kuku mutumin duwatsun Nuba. Ba wanda ya iya cin abinci. Gabre ne ya fara cewa a ƙasarsu da ba a yi haka ba. A can, in ji shi, ana naɗe mutum da farin saƙi da tabarmar kaba, a kai shi harabar coci, a sa kansa yamma don ranar tashi ya miƙe yana kallon gabas, in an kwana arba'in kuma a tara dangi a ciyar da mutane. Kuku ya ce su nasu kabarin kamar tulu yake, baki ƙarami ciki da faɗi, mutum ɗaya ke zurawa ya karɓi mamaci ya gyara masa kwanciya, a ajiye masa ƙwaryarsa, a toshe bakin da faifan dutse, ko kura ta yi shekara ba ta buɗewa. Gabre ya ce ya ji a birnin Bur Sudan na bakin teku cewa Indiyawa ƙona nasu suke yi su zuba tokar a kogi. Muka yi salati, har da waɗanda ba su iya salatin ba. Kuku ya ce ƙila su ma in sun ji muna ba tsutsa iyayenmu haka za su kama baki.

Da suka gama, Majok ya dube ni.

“Fallati, ranar da ake haƙa wa tsohon nan na ga hannunka yana motsi kamar kai ke riƙe da fartanyar. Ka san aikin nan.”

Na so in musa, na kasa. Na gaya musu komai: yadda mahaifina yake auna mamaci da karan dawa, yadda yake murza ƙasa a tafinsa kafin ya zaɓi wuri, yadda ake haƙa babban rami sannan a yanka ƙarami a tsakiyarsa, a kwantar da mutum a ciki, a jera itace ko fasassun tukwane a kai, a liƙe da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ta yadda ko ƙwayar ƙasa ba za ta faɗo wa mamaci ba. Na jira su yi dariya irin ta dandalinmu. Ba wanda ya yi.

Majok ya ciro fatar nan daga wuyansa ya ɗora a gwiwa. Ya ce ta bijimin sansa ce, baƙi da fari, wanda aka harbe ranar da aka watsa garinsu, kuma shi kansa sunan Majok launin wannan sa ne. A wurinsu, in ji shi, ana aske wa mamaci kai, a kwantar da shi a gefen dama, a naɗe masa gwiwoyi kamar mai barci, a rufe kunnen da ke sama da fata don kada ƙasa ta shiga. Masu rufewa kuma ba sa kallon ramin, baya suke juya masa su tura ƙasar da hannu.

“Me ya sa kunne, Ammi?”

“Ina da 'ya, sunanta Ayen. Tana goye muka rabu, uwarta ta yi wani gefen da ita, ni na yi wani. In tana raye wata rana za ta kira sunana. In ƙasa ta cika mini kunne, da me zan ji?” Ya mayar da fatar wuyansa. “Ba ni da kowa a nan. In na riga ka, kada ka bar ni a baƙar laka, kuma kada ka manta kunnena.”

Na ce ya daina irin wannan magana, mutum kamar itacen kuka yana zancen mutuwa. Ya ce shi dai in amsa. Na ce na ɗauka.

Shekara biyu muna tare, daga auduga zuwa yankan dawa, daga dawa zuwa riɗi. Kaka ta biyu mu huɗun muka gangara manyan gonakin riɗi na bayan Abu Na'ama. A can ciwon saifa ya kama Majok, cikinsa ya kumbura, jikinsa ya zube. Na roƙi wakilin gonar ya ba mu mota mu kai shi asibiti, ya ce sai an gama yanka. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, Majok ya cika, kansa a cinyata. Kafin in bar kaina in yi kuka sai da na juya shi gefen dama, na naɗe masa gwiwoyi tun jikin da ɗumi, na ɗaure da rawanina, don na san in ya sandare ba za su naɗu ba.

Wakili ya zo ya tsaya a bakin bukka ya toshe hanci. Ya ce ga kwari can bayan gona, mu tona mu tura shi mu dawo, riɗi ya bushe, in aka ƙara yini ɗaya zai zube a ƙasa. Na ce ƙasar wurin baƙar laka ce. Ya ce to wanda ya bar gonar nan yau kada ya dawo, kuma ya manta da kuɗin wahalar da ya yi. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ranar na gode wa Allah da ya yi ni haka. Na ajiye masa laujensa a gaban takalminsa. Gabre ya ajiye nasa, Kuku ma haka.

Muka ɗora Majok a kan angareb, gadon igiyar nan da mutanen Sudan ke kwana a kai, kuma a kansa ake kai su kabari. Gado mai ƙafa huɗu, mu kuwa uku, sai na shiga gaba na riƙe biyu. Ƙauyen Hajja Kulu tafiyar rabin yini ne, ni kuma ban san ko za ta tuna da sakaran da ta tsinta a bakin madatsa ba. Rana ta take, kafaɗuna suka mutu. Muna cikin haka sai wani Balarabe makiyayi ya diro daga kan jakinsa, bai tambayi kowa ba ya sa kafaɗa ya karɓi ƙafa ɗaya, don haka al'adarsu take in sun ga gawa. Sai da muka yi nisa ya tambayi sunan mamacin. Da na faɗa ya gane ba sunan Musulmi ba ne, ya yi turus, na ji gadon ya karkata. Sai ya gyara riƙo, ya ce mu je, nauyin ɗaya ne. Har bakin ƙauyen ya raka mu.

Muka ajiye gadon a inuwar wata tsamiya, na shiga ina tambayar gidan Kulu mai kuɓewa. Tana gani na ta tafa hannu.

“Mai jiran jirgin Jidda! Ya iso?”

Ban iya dariya ba. Na gaya mata abin da ya kawo ni, ta ja lulluɓinta ta biyo ni. Kafin mu isa tsamiya mazan gari sun taru, kuma magana ta riga ta yi zafi, rabi da Hausa rabi da Larabci. Wani ya ce maƙabartarsu ta jikokin masu hijira ce. Wani ya ce in mayar da shi inda na ɗauko shi. Na buɗe baki zan mayar da baƙar magana, Hajja Kulu ta take mini ƙafa, ta aika a kira limaminsu, Faki Bello, wani tsoho da ake jagoranta saboda idonsa ya yi rauni. Ya saurare ni har na gama, har da labarin tsohon kambo da karnuka.

“Shina da nashi kusa?” ya tambaya.

“Ba shi da kowa, Malam, sai mu.”

Ya juya wajen jama'a. “Abin da munka karanta shi na: in wanda ba Musulmi ba ya mutu hannunka, babu nashi kusa, kana tsoron shi tozarta, to wajibi na ka ruhe shi. Ba a yi mai salla, ba a sa shi maƙabartarmu. Amma ba a bar ma karnuka ɗan Adam. Halas, magana ta ƙare. Wa ka ba da wuri?”

Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Hajja Kulu ta ce akwai tudu a saman gonarta, a je a haƙa. Wani ɗan ƙanenta ya matso yana rage murya.

“Gwaggo, cikin gonarki? Wa ka sayen albasarki bayan wanga?”

“Albasa na ƙasa bakin ruwa, shi tudu za shi kwana. In tsoro kaka ji, bar cin tuwona.”

Muka hau tudun. Na ɗebi ƙasa a wuri uku ina murzawa a tafi, yadda na ga tsohona yana yi, har na sami ja mai tsakuwa wadda ba ta tsagewa. Na karyo karan dawa na auna Majok a naɗe yadda yake, tsawo da faɗi. Aka kawo mini dagi da fartanya da kwano. Da na sara na farko sai na ji hannuna ya tuna abin da kaina ya yi shekaru yana ƙi. Na tsayar da bango sak, na zurfafa har ƙirji, sannan na yanka ƙaramin rami a tsakiya, na faɗaɗa shi fiye da namu saboda gwiwoyin. Na daidaita shi yadda in ya kwanta a dama fuskarsa za ta dubi kudu maso yamma, wajen garinsu. Mutanen da suka zo kallon abin kunya suka fara matsowa suna leƙe, can sai na ga ɗan ƙanen nan ya karɓi kwano yana kwashe ƙasa.

Matsala ta zo wajen rufi. Su a can da jan bulo suke rufe ƙaramin rami, namu kuma ya fi bulo faɗi. Na ce ko akwai tsohuwar randa. Hajja Kulu ta sa aka mirgino randar ruwanta, lafiyayya, ta zubar da ruwan, ta ce in fasa. Na sa dagi na raba randar a hankali.

Kuku ya aske masa kai. Ni da Gabre muka saukar da shi a kan tabarma. Na kwance rawanina daga gwiwoyinsa, na ciro fatar daga wuyansa, na shimfiɗa ta a kan kunnensa na hagu, na danna gefenta da yatsa har ta zauna. Na ce, “Ammi, ga kunnenka nan na rufe.” Sannan na kifa ɓarin randar a kansa ɗaya bayan ɗaya, na toshe kafofin da ganyen tsamiya da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ina cikin liƙewa na ji Faki Bello yana tambayar me nake yi. Da aka gaya masa ya sa aka kawo shi bakin ramin, ya durƙusa ya miƙa hannu, na ɗora masa a bayan randar ya shafa.

“Tukwane,” in ji shi. “Haka kakana yac ce ana yi gida. Ban taɓa gani ba sai yau da ba ni da ido.”

Saura abu ɗaya, kuma ina jin nauyinsa. Na gaya masa mamacin ya ce a juya baya a tura ƙasa, na tambaya ko da laifi. Tsohon ya yi murmushi ya ce ƙasa dai ce zan tura, ko ta gaba ko ta baya, in cika alkawarina. Muka tsuguna mu uku, muka ba ramin baya, muka riƙa turawa da hannu. Wasu samari suka fara ƙyalƙyala, Faki ya buga sandarsa suka yi tsit. Can na waiga gefena, sai ga dattawan gari biyu sun tattare riguna sun tsuguna yadda muka yi. Kafin magariba mun gama, muka jera duwatsu a kai. Matan gari suka fito da tire-tiren abinci kamar yadda suke yi wa duk gidan da aka yi rashi, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar Hajja Kulu, kwana uku ana kawo shayi.

A rana ta uku Faki Bello ya kira ni ya ce mai haƙa musu ya tsufa, ko zan zauna. Na ce sana'ar da na gudo wa ce. Ya ce ai ga shi ta riga ni isowa. Na zauna. Gabre da Kuku suka sami aiki a lambunan bakin kogi, daga baya kowa ya koma ƙasarsu. Na yi aure a garin, na sami gona, kuma duk ƙauyukan da ke kewaye in an yi rashi ni ake aiko wa da jaki, har kambo-kambo, inda ban taɓa bari a sake sa kowa a baƙar laka ba. Jidda ma na je daga baya, a jirgin gaske, na ɗanɗana ruwan na ji gishiri. Na aika wa mahaifina wasiƙa ta hannun wani mai komawa gida, na gaya masa na haƙa na farko kuma bangonsa bai zube ba. Ban san ko ta same shi da rai ba.

Abu ɗaya ban daina ba. Duk mutumin Kudu da ya ratsa garin neman aiki sai na tare shi na ba shi ruwa, na ce in ya taɓa haɗuwa da wata Ayen 'yar Majok, ya ce mata ubanta yana tudun Kulu mai kuɓewa kusa da Abu Na'ama. Matata tana ce mini na mayar da kaina gidan rediyo. Hajja Kulu ta rasu, ni na haƙa mata. Faki Bello ya rasu, shi ma ni ne, kuma da tukwane na rufe shi don haka ya yi wasiyya.

Bayan an yi sulhu a Kudu, mutanensu suka fara komawa gida. Wata ranar kasuwa da hantsi ina gyaran shingen gona, aka ce ana sallama da ni. Wata mace ce doguwa, da goyo a baya da wata yarinya a hannu. Ban tambayi sunanta ba, goshin da tsayin sun ishe ni. Ta ce a wani sansani kusa da Kosti wani tsoho ya ba ta saƙona, ta bar motar da za ta kai su Kudu ta biyo. Na kai ta tudun. Ta daɗe tana kallon duwatsun, ko ɗaya bai goce ba.

“A wane gefe ya kwanta?” ta tambaye ni da Larabci.

“Dama. Gwiwoyinsa a naɗe, fuskarsa wajen garinku.”

“Kun kalli ramin?”

“Baya muka juya.”

Na ga tana tsoron tambaya ta ƙarshe. Ban bari ta wahala ba.

“Kunnen ma na rufe, 'yata. Da fatar sansa, da hannuna. Ƙasa ba ta taɓa shi ba.”

Ta durƙusa a gefen kansa ta kira shi da ƙarfi, sau uku, da yarensu. Sannan ta faɗi sunanta, ta kama hannun yarinyar ta faɗi nata, ta juyo da goyon ta faɗi nasa. Na ja baya na tsaya wajen albasa, don hawaye sun hana ni gani, kuma ban taɓa jin farin ciki irin na wannan rana ba.

Da muka gangaro ta tambaye ni wa ya koya mini wannan aiki. Na ce mahaifina.

“Ashe babban mutum ne a garinku,” in ji ta.

Na ce mata e, babban mutum ne. Ranar ce na fara faɗin haka da bakina.